Man gyaɗa ko manja a cikin gas, da gaske yana sa inji saurin tashi?

Mai_Niƙa_Funtua:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka san kan injin gas ku taimaka min da shawara. Ina da injin niƙa irin Lista ɗinnan mai silinda ɗaya wanda ake juyawa da hannu, shekara tara kenan yana hannuna, da shi nake niƙan masara da dawa da ɓarzar wake kuma da shi nake ci da iyali. To tunda sanyin nan ya shigo wallahi kullum da safe sai an sha fama, yara biyu su yi ta juyi har su gaji, ya yi tuf tuf ya watso farin hayaƙi mai yaji a ido sai ya mutu, a sake, ya mutu, ga mata sun jera kwanuka tun bayan asuba wata ma tana so ta dama koko ta kai tasha kafin bakwai. Idan Allah ya sa ya kama kuma sai ya yi ta ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe da guduma, sai ya yi wajen minti goma ya ɗau zafi sannan muryarsa ta daidaita. Da rana kam lafiya lau juyi ɗaya ya tashi.

Wani direban tirela da muke sallah tare yace min in riƙa zuba gwangwanin madara ɗaya na man gyaɗa a kowace jarkar gas mai lita 25, wai yana ƙara wa gas ƙarfin kamawa, yace wasu ma manja suke sawa. Sannan wani yaro mai yawo da kayan mota ya kawo min wata ƴar kwalba yace daga man tsirrai aka haɗa ta kuma tana ƙara abin da suke kira siten. Ban saya ba tukun kuma ban zuba man gyaɗan ba, tsoro nake kar in kashe injin da hannuna. Shin akwai gaskiya a maganar nan? Menene ma siten ɗin?

Bakanike_Sabongari:

Wa alaikumus salam Malam. Gsky kayi dabara da baka zuba ba. Ni sama da shekara ashirin ina kwance injin gas, kuma na taba bude wani na wani mai casar shinkafa da gas yayi tsada ya koma hada rabi da rabi da man gyada maras kyau da ya samu da araha, wata biyu kawai yayi. Bakin nozul din nan mai fesa gas a cikin silinda ya daure da baki kamar kanzon tukunya saida nasa waya na kankare, ringin fistan sun manne basa motsi, bakin man kuma da muka kwance kasan injin ya zama kamar kullun kosai baya zuba sai dai a kwaso da hannu. Kudin da ya kashe a gyara yafi abinda ya tsira dashi.

Kuma abinda ka fada, farin hayaki da safe amma da rana lafiya, ni a wajena ba maganar gas bace kadai. Kai nozul dinka wajen masu injekta su dora a kan abin gwaji ka tsaya ka gani da idonka, in yana fesawa kamar hazo to lafiya, in yana digowa ko yana tsartuwa kamar fitsarin yaro to ya mutu. Sannan a duba bawul ko suna zubar da iska, in kana juya hannun kaji yana wucewa da sauki ba nauyi to kwamfireshan, wato karfin matse iska, ya ragu. Kuma ka kwance kasan tankinka ka tsiyaye a kwalba mai haske ka ajiye, zaka sha mamakin ruwan da zai kwanta. Kafin nan kuma da safe ka dafa ruwa ka zuba a duron da yake sanyaya injin ka bashi minti biyar. Amma dan Allah kar ka bari yara su fesa fetur a hancin iskar, naga wanda hannun juyin ya dawo ya karya masa tsintsiyar hannu.

Malamin_Kimiyya_Zariya:

Malam mai niƙa sannu da ƙoƙari, Oga bakanike ya gama magana a kan gyara, ni bari in ɗauki ɓangaren man don shi na ɗan karanta kuma nake koyarwa.

Ka san injin gas ba shi da fulogi irin na fetur. Iska zalla yake zuƙa, fistan ya matse ta sosai, ninki 16 zuwa 20 ko fiye, matsin nan ya sa ta yi zafi ta haura digiri 500, sai nozul ya feso gas a ciki ya kama da kansa. To tsakanin lokacin da aka feso shi da lokacin da ya kama akwai ɗan jinkiri, ƙanƙani ne ƙwarai bai kai ƙiftawar ido ba amma duk rigimar a nan take. In jinkirin ya yi tsawo sai mai ya taru da yawa a silinda sannan ya kama gaba ɗaya lokaci guda, wannan bugun shi ne ƙwanƙwasar da kake ji, wanda bai samu ya ƙone ba kuma ya fito a farin hayaƙin da yake maka yaji a ido. Da sanyin safiya ƙarfen injin yana shanye zafin iskar shi ya sa abin ya fi tsanani, da rana kuma ka ga ba komai.

Siten lamba ce da ake auna saurin kamawar nan da ita. Akwai wani sinadari mai wannan sunan da yake kamawa nan take, shi aka ba maki 100, sai a gwada sauran mai da shi. Ƙa'idar Turai ta ce gas ɗin mota kar ya gaza 51, ta Amurka kuma 40. Mai lamba sama yana tashi da sauri, ƙara kaɗan, hayaƙi kaɗan. In an cakuɗa gas da kalanzir lambar takan sauka kuma santsinsa ya ragu, famfon injekta ya yi ta cin kansa don da gas ɗin yake samun maiƙo.

To man gyaɗa ɗanye lambarsa wajen 40 ce, kaga kenan bai ma kai gas mai kyau ba balle ya ɗaga shi. Ga kauri, ya ninka gas wajen sau goma, nozul ba ya iya farfasa shi ya zama hazo sai ya fita da manyan ɗigo, su kuma ba sa ƙonewa duka, su ne suke zama ƙanzon da Oga ya kankare, wasu su silale ta gefen ringi su shiga baƙin mai su daskarar da shi. A nan zan ɗan saɓa da Oga kaɗan, gwangwanin madara ɗaya a lita 25 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wannan ba zai kashe maka inji ba, amma kuma ba zai sa ya tashi da wuri ba ko kaɗan, asarar man miya ce kawai. Haɗarin shi ne mutum in bai ga canji ba sai ya ƙara, ya ƙara, har ya kai rabi da rabi. Manja ɗanye kuwa ya fi muni don kai ma ka san yadda yake daskarewa a galan da sanyi.

Inda gaskiyar direban take shi ne, man tsirrai in an sarrafa shi yana zama abu mai kyau. Ana haɗa shi da metanol da soda, a ɗumama, sai ya rabu biyu, gilisirin mai kauri ya kwanta a ƙasa, na sama kuma ya tsinke ya kusa zama kamar gas, shi ne bayodizal. Wanda aka yi da manja lambarsa takan kai wajen 60, na waken suya wajen 50, kuma dalilin bambancin yana da daɗi, man da ya fi saurin daskarewa shi ya fi saurin kamawa a inji, saboda yadda ƙwayoyinsa suke a miƙe. Na zurma kuwa ba ya da kyau a nan, lambarsa ƙasa take kuma ko an sarrafa shi kaurin ba ya sauka yadda ake so. Amma mu yi lissafi tare. Ka ɗauka gas ɗinka 45 ne, ka zuba lita 20 na gas da lita 5 na bayodizal ɗin manja mai 60, abin da za ka samu wajen 48 ne. Lita biyar cur, maki uku. Shi ake kira B20, wato kashi 20 cikin 100 bayodizal ne. To ina ga ƴar kwalba? Indunusiya da take da manja kamar ruwa ta kai B35 a 2023 sannan B40 a 2025, Turai kuma gas ɗin gidan mai da ake sha kullum yana da har kashi 7 cikin 100 na bayodizal a ciki, duka da lita ake maganar ba da murfin kwalba ba.

Abin da yake ɗaga siten da ɗan kaɗan, wanda matatun mai suke amfani da shi, sunansa 2-EHN, kuma ba daga tsirrai yake ba. Wajen mililita ɗaya a lita ɗaya ya isa ya ƙara maki kaɗan, don shi yana tarwatsewa da wuri tun zafi bai kai ba sai ya zama kamar ƙirare ya kunna sauran man. Masu bincike sun gwada ɗaura irin wannan sinadarin na naitiret a jikin man tsirrai don a samu mai yin aikin daga gona, kuma ya nuna yana aiki a ɗakin gwaji, amma har yanzu 2-EHN ne yake riƙe da kasuwa. Akwai kuma wani da ake kira HVO, man tsirrai ne da ake sarrafawa da haidurojin a matata, kamfanin Neste na ƙasar Finlan ya yi suna a kansa, lambarsa tana haura 70, amma shi ma mai ne da ake zubawa da yawa ba magani ba.

Saboda haka kwalbar yaron nan ka karɓa ka juya bayanta. In ka ga an rubuta 2-EHN ko wani suna mai naitiret da adadin da za a zuba a lita nawa da sunan kamfani da adireshi, to tana iya ɗan taimakawa. In hoton ganye ne kawai da manyan alƙawura, ka bar masa kayansa.

Dan_Maraɗi:

Salamu alaikum. Malam na Zariya Allah shi ƙara sani, na ƙaru ƙwarai. Ni dai ina so in ce kar a kashe ma mutane gwiwa gaba ɗaya bisa man tsirrai, don shi kanshi injin gazuwal (gas kenan) tun farkonshi ya sha man gujiya, wato man gyaɗa, a baje kolin Paris na 1900 an nuna wani inji irin na Rudolf Diesel yana aiki da man gujiya zalla kuma gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada saboda ƙasashen da ta mallaka a Afirka masu noman ta. Kuma a Mali an yi aiki sosai da man bini da zugu, wanga da muke shinge da shi dabbobi ba su ci, a garin Garalo can kudu har janareto aka kafa ma gari da aka shirya shi don wannan man, kuma injinan niƙa na ƙauye irin naka Malam an gwada su da shi.

Sai dai yadda ake yi, ba a tada inji da shi. Tanki biyu ake sawa, a tada da gazuwal, in inji ya yi zahi a juya famfo zuwa man bini da zugu wanda aka tace da kyau kuma bututunshi ya bi ta jikin salansa ko ruwan zahi don ya tsinke, in za a kashe kuma a maido gazuwal ya wanke nozul na ɗan lokaci. Kenan ka gani ko inda ake aiki da shi ɗin, wajen tashin sahe gazuwal ake nema, wanda shi ne matsalarka. Kuma ana yawaita juyen baƙin mai. Tsohin injina masu tafiya sannu irin Lista su ne suka hi jure shi, sabbin motoci masu kwamfuta kam kar ma a fara.

Mai_Niƙa_Funtua:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, wallahi yau na fahimci abin da yake faruwa a cikin injin da na shekara tara ina tsaye a kansa. Oga gobe in sha Allah zan kwance nozul ɗin in kai. Malam na Zariya to shi bayodizal ɗin mutum zai iya haɗawa a gida? Don akwai masu tuyar ƙosai da awara da yawa a layinmu da suke zubar da tsohon mai in ya yi baƙi, kuma ga darbejiya ko'ina ƴaƴanta suna zuba a banza, nace ko zan riƙa haɗa ko lita biyar ɗin nan ne.

Maman_Sabulu:

Malam bari in shigo nan tunda an zo fagena, ni sabulu nake yi na sayarwa kuma na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje kafin in yi aure, mun taɓa haɗa bayodizal ɗin da hannunmu. Ana iya yi amma ba wasa ba ne, kuma don Allah kar a yi shi a tsakar gida inda yara suke.

A lita ɗaya na mai mai kyau ana sa wajen mililita 200 na metanol da soda wajen giram uku da rabi, a narkar da sodar a cikin metanol tukun sannan a zuba a man da aka ɗumama zuwa digiri 55 ko 60, kar ya wuce don metanol yana tafasa a 65, a yi ta juyawa wajen awa ɗaya sai a bari ya kwana. Da safe za ka ga ya rabu, na ƙasa ja-ja mai kauri, na sama garai-garai. Sai a tsiyaye na ƙasan, a wanke na saman da ruwan ɗumi a hankali sau uku ko huɗu har ruwan ya riƙa fita fes, sannan a busar da shi don in ruwa ko soda ya saura a ciki famfon injektarka ne zai biya.

Matsalar tsohon man tuya da man darbejiya da na bini da zugu ita ce suna da tsami da yawa a jikinsu, kana zuba soda maimakon bayodizal sai ka samu sabulu. Ni na gani da idona, muka zuba muka juya, kafin minti ashirin abu ya kama ya zama kamar talgen tuwo, cokali ya tsaya a ciki, duka muka zubar. Irin wannan man sai an auna tsaminsa an ƙara sodar daidai, in ya yi yawa ma sai an fara bi da shi ta asid, kuma ɗigon ruwa ko ɓurɓushin ƙosai a ciki ya isa ya ɓata aikin. Shi kuma metanol guba ne, ko shaƙarsa da yawa yana illa, shansa kaɗan yana makantar da mutum ko ya kashe, yana shiga ta fata, kuma in ya kama da wuta da rana ba a cika ganin harshen wutar ba. In an haɗa shi da soda kuwa yana cin fata fiye da ruwan sodar da muke sabulu da shi. Sai da safar hannu da tabarau da fili mai iska, ba kusa da murhu ba.

Sai abu biyu da Malam na Zariya bai faɗa ba. Bayodizal ɗin manja da lambarsa take sama shi ne kuma yake fara yin gajimare yana daskarewa in sanyi ya sauko wajen digiri 13 zuwa 15, kuma ku a Funtuwa da asubar hunturu kuna kaiwa nan, to ka ga a lokacin da ka fi buƙatarsa zai iya toshe maka filta in ka sa da yawa. Na biyu yana wanke datti, duk tsatsa da laka da suka shekara a tankinka zai kwaso su ya kai filta a satin farko, kuma yana cin tsohon tiyo na roba ya sa ya kumbura. Yana kuma jan ruwa, ba a ajiye shi ya wuce wata shida. Alherinsa da na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne santsi, ko kashi 2 cikin 100 aka sa yana taimakon famfo da nozul musamman in ana zargin an sirka gas da kalanzir.

Ni da za ka ji tawa Malam, tsohon man ƙosan nan ka haɗa matan layinku da mai yin sabulun wanki ta saya, ya fi sauƙi kuma ba mai rasa ido.

Mai_Niƙa_Funtua:

'Yan uwa na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Na kai nozul, mai injekta ya ɗora a gabana ya danna, wallahi maimakon hazo sai ga shi yana tsiyaya ta gefe ɗaya yana ɗiga, yace allurar ciki ta cinye, na sayi sabo aka saita. Bawul ɗin hayaƙi ma yana zubar da iska an yi masa girandin. Tankin kuma da na tsiyaye a gorar ruwa na ajiye a kan benci, kafin in idar da azahar ruwa ya kwanta a ƙasa kusan yatsa biyu da wani jan datti, na wanke tankin na canza filta na kuma daina sayen gas a galan bakin titi, yanzu gidan mai nake aikawa kuma sai jarkar ta kwana ta lafa nake zubawa ta tsumma. Yau kwana huɗu kenan, da ruwan zafin da Oga yace a duro, yaro ɗaya yake tada shi a juyi na biyu, hayaƙin fari na ɗan fita kaɗan ya ɗauke, ƙwanƙwasar ma ta ragu sosai duk da ba ta tafi duka ba sai ya ɗau zafi.

Yaron mai kwalba ya dawo jiya na karɓa na juya bayanta kamar yadda Malam yace, ba sunan sinadari ba adireshi, hoton ganye ne da tirela, na mayar masa. Hajiya na gode da gargaɗin nan, na fasa haɗawa a gida, kuma na yi wa masu ƙosan magana sun ce za su riƙa tarawa a galan. Oga saura tambaya ɗaya, ragowar ƙwanƙwasar nan ta safe taimin ne, wato saitin lokacin feso gas, ko in bar shi haka zuwa sanyi ya wuce?